Idon Sawu

Ido aka ce maka, idon sawuna.
To ina kake kallo ran Talatar nan
da na sauko daga bayan tirela a kasuwar albasa,
buhu a wuya, zufa ta rufe idanun sama,
kai na ƙasa ka kasa ganin ɓawo ɗaya
a kan katakon sauka?

Na ji ƙas, kamar an taka karan dawa.
Tafin ya juya ciki yana leƙen ɗan'uwansa,
buhu ya yi gabas, ni na yi yamma.
Kafin la'asar ka fi albasar da na zubar girma,
kafin asuba ka yi shuni kamar ka kwana a karofi.

Jabbi mai ɗori na Rijiyar Ɗorawa ya lalube ka, ya tofa,
ya ce, "Ƙashi lahiya lau, targaɗe na."
Ya ja, na kira sunan innata.
Gaskiyarsa, ƙashi bai karye ba.
Kwana huɗu na koma dako,
don tukunyar gidana ba ta san targaɗe ba.

Daga nan ka zama abokin da ba a ba wa ajiya.
Ka goce a Gawon Nama ina tsallaka kwalta,
ka goce a wurin alwala,
ka goce a sahu ana tasowa daga sujada
har na dafa kafaɗar dattijon da ban sani ba.
Sau bakwai, damina guda.

Malama Luba ta ɗakin gashin ƙashi
ba ta fara da hoto ba.
Ta ce, "Yi taku huɗu in gani." Na yi.
Ta danna bayan ƙashin waje, shiru,
ta danna na ciki, shiru,
ta gangaro gaba kaɗan, cikin ɗan kwarin nan,
sai numfashina ya tsaya.
Ta riƙe ƙwauri da hagu, ta tallafi diddige da dama,
ta jawo shi a hankali,
ya biyo ta kamar akuyar da turkenta ya tuge.
Ta gwada ɗayan, ya cije.
"Ka ji bambancin, Haliru?
Jijiyar nan ta yage, ta warke a sake,
kamar zariyar tsohon wando."

Ta ce da ranar farko na zo,
da ƙanƙara ce cikin tsumma, da bandeji,
da jingine ƙafa bisa matashi, sama da ƙirji.
Yanzu kuwa sai makaranta.
Ta ba ka ɗamara mai igiya don ranar aiki.
Ta sa na ɗaura tsohon tiyub na keke a ƙafar gado
ina turawa waje, ashirin safe, ashirin dare.
Ta sa babban yatsa rubutu a iska
kamar yaron da aka kai allo jiya.
Ta ce in wata uku ba ka ji ba,
sai a fara zancen ɗinki.

Sannan ta ce in tsaya da ƙafa ɗaya
kamar zalɓe a bakin ruwan Kwalkwalawa.
Na tsaya. Ta ce, "Rufe ido."
Na ce, "Malama, faɗuwa zan yi."
Ta ce, "Muddin na sama na yi masa kallo,
na ƙasa ba zai koyi gani ba."

Daren farko na kai uku, na rungumi bango.
Ɗiyata Hajo ke ƙirgawa, tana dariya a ciki.
Mako na tara ta kai talatin,
ta gaji, ta tafi ɗauko tuwo,
ta bar ni tsaye cikin duhun kaina
ina jin ka kana lalube,
kana gyara, kana ɗan rawa, kana kama ƙasa.

Jiya na sake hawa katakon.
Ɓawo na nan inda yake zama.
Ban duba ba.
Kai ne ka gan shi.